'Yar Fitilar Kakana Ladan

Kakana ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, aka kai shi makwancinsa kafin rana ta take tsaka, kuma wanda ya kira azahar a ranar sai da ya makara. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ni ina cikin mota tsakanin Kano da Ɗambatta aka binne shi, ko gawarsa ban gani ba. Da na iso ƙauyenmu na tarar an shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har gindin darbejiyar masallaci, maza sun cika su, kowa ya sunkuyar da kai kamar gaske.

Na wuce ciki na zauna a ɗakin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta dawo gida da zama tun rasuwar mijinta. Tagar ɗakin tana kallon waje, don haka ina jin na maza, ina kuma ganin na mata. Kowa ya shigo magana ɗaya ce: ya haƙuri, Allah ya jiƙan Ladan, ya sa ya huta. Mu ce amin, mun gode. Wani a waje ya ce ba a taɓa murya irin tasa a yankin nan ba. Wani ya ce ai mutumin kirki ne, ba ruwansa da kowa. Sai na ji wani ya rage murya ya ce, "Sai dai fa ranar nan." Aka yi dariya ta hanci, irin wadda ake haɗiyewa da tari.

A ciki ma ba a bar mu ba. Wata maƙwabciyarmu ta gama share idonta da bakin mayafi, idon da ko ɗigo bai zubar ba, ta juya ga ta kusa da ita ta ce ita fa har ta kai ƙosai na uku baki sannan ta ga rana. Suka rufe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa. Ina kallonsu. Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba.

Mutum ɗaya ne ya yi mana gaisuwar da na karɓa har zuciyata. Wani tsoho ne daga unguwar hayin rafi, Kirista, abokin Kaka tun suna kiwon awaki. Ya dogara sandarsa har bakin zaure, ya ce a kira masa jikar Ladan ta Kano. Da na fito ya ce, "'Yata, shekara da shekaru ba mu da agogo a gona sai muryarsa. In ya kira la'asar mu kwance shanu." Hawaye na bin gemunsa, ya juya ya tafi.

Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan. Mutumin da ya haura shekara arba'in yana kiran salla ba a biyansa ko da zangarniyar gero, in aka bar mutanen garinmu da halinsu abu ɗaya za su riƙa tuna shi da shi: tsohon da ya kira magariba da sauran rana a watan Ramadan, ya karya wa gari azumi. Yaran da ba su san shi ba wannan za su gada. Ni kuwa ban yarda ba.

Ba zan ce waliyyi ne ba. Kaka mutum ne mai taurin kai da kaifin harshe, in ya kafe a kan abu ko da shanun huɗa ba a jan shi. An taɓa aiko masa cewa ya ɗan jinkirta tayar da sallar la'asar, maigari yana sallamar baƙi. Ya ce wa ɗan aiken, "Je ka tambayo shi ko ya aika wa rana ita ma ta tsaya." Ya tayar da salla, maigari ya zo ya samu raka'a ta ƙarshe a sahun baya. Sun yi wata ba sa gaisawa. Kullum maganarsa ita ce lokaci ba na liman ba ne, ba na maigari ba ne, shi ma riƙo aka ba shi. Agogonsa inuwar katangar masallaci ce, da wasu zane-zane da ya yi a ƙasa da tsinin sanda, yana matsar da su in rani ya juya damina.

Shi ya raine ni. Mahaifina ne babban ɗansa, ya rasu ina ƙarama, mahaifiyata ta yi wani auren, Kaka ya ce ba mai fitar masa da amarya daga gida. Haka yake kirana har ya koma ga Allah, Amarya, ni kuma in ce masa Ango. In na kai masa tuwo ya ce miyar ba gishiri, zai ƙaro aure. In ce wace mai tsautsayin ce za ta auri mai haƙori biyu. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Goronsa gurza shi yake a kan murfin gwangwani da ya huhhuda da ƙusa, ya zuba garin a tafin hannu ya watsa baki.

Da tsufa ya zo, ta ido ya fara. Yanar ido ta rufe masa su, har ya zama haske da duhu kaɗai yake bambancewa. Sai kunne ya yi nauyi, rediyo ya zama ba shi da amfani, ƙararrawar waya ma haka. Zanensa na ƙasa yana nan, amma ba ya ganin inda inuwa ta kai. Dole ta sa mutumin da gari yake tambaya lokaci ya koma shi ne mai tambaya. Ya tsaya a bakin ɗakinsa ya ce, "Masu gida, azahar ta yi?" Wata ta amsa daga madafa ba tare da ta ɗaga kai ba, "Ta yi mana." Wata ta ce da saura. Wani lokacin ba mai amsawa sai ya maimaita.

Wanda ya fi kowa ƙosawa shi ne Baffa, ƙanin mahaifina, wanda gidan yake hannunsa. Dillalin dabbobi ne a kasuwar Ɗambatta, kullum waya na manne da kunnensa, wata tsohuwar waya da ya ɗaure da roba don murfinta ya fashe. Agogo na jikin wayar nan ɓaro-ɓaro, amma duba shi ya faɗa wa ubansa aiki ne babba. Sai ya ce, "Baba, ka haƙura da kiran sallar nan mana. Kai kaɗai ne Musulmi a garin?"

Ni ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Kano, muna zaune a Rijiyar Zaki da maigidana. Wata shekara aka tura mu malaman kimiyya horo, aka raba mana 'yar jaka kowa ɗaya. A ciki akwai ɗan allo shuɗi da bai kai tafin hannuna ba, irin wanda ake rubuta wa umarni daga kwamfuta ya riƙe ya yi ta aikatawa. Akwai siraran wayoyi masu launi, da wani farin faranti mai ramuka da ake cusa su, da 'yan fitilu ƙanana kamar ƙwayar wake. Darasin farko ga duk mai koyo ɗaya ne: ka sa 'yar fitila ta riƙa kawowa tana ɗaukewa. Da hutu ya zo na taho da jakar gida don in gwada a natse. Ɗakin Kaka na zaɓa, domin nan ne akwai wuta: maigidana ya ɗora masa 'yar sola a kan rufi da batirinta, saboda fanka lokacin zafi.

Na baje kayana a kan tabarma da hantsi, yana gefe yana gurzar goro. Na haɗa, shiru. Na cire na sake, shiru.

"Amarya, me kike tsattsaga tun ɗazu kamar kaza?"

Na matsa kusa da kunnensa na ce fitila ce ta ƙi kamawa. Ya ce in ba shi ya ji. Na ɗora masa ɗaya a hannu, ya shafa ta ya ce, "Gurguwa ce ai. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Na ce haka ake yin su. Doguwar ƙafar ita ke kallon inda wuta take fitowa, gajeriyar inda take komawa. Ina cikin faɗa masa na duba tawa, ashe a juye na cusa ta. Don gaggawa na zare ta na dasa ta kai tsaye a bakin wutar allon in ga ko tana da rai. Ta yi wani haske ja wal, ta mutu, ɗan ƙauri ya tashi.

Kaka ya ajiye gwangwaninsa. Ya ce, "Na ga wannan."

Na ce me ka gani?

"Ja. Ya zo ya wuce. Sake yi."

Ban san rabonsa da ya ce ya ga wani abu ba. Na ce wannan kam ta ƙone, wuta ta yi mata yawa, na manta ban sa mata resista ba. Na ba shi resistar ya taɓa, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa da waya ta kowane gefe, na ce shi ke rage mata wuta daidai cikinta. Ya jujjuya shi ya ce, "Wato wannan ne mai hana ta haɗama. A samo babba a ɗaura wa Baffanki."

Na ɗauko sabuwa, na jera su yadda ya kamata: waya daga ƙafar allo zuwa resista, resista zuwa doguwar ƙafa, gajeriyar ta koma gida. Na buɗe kwamfuta na rubuta umarnin. Ya ce in karanta masa da Hausa. Na ce abu huɗu ne: kunna, jira, kashe, jira.

"Shi ke nan karatun?"

"Shi ke nan. In ya kai ƙarshe ya koma farko."

"Har yaushe?"

"Har a cire masa wuta."

Ya jinjina kai ya ce, "To ai aikina ne aka ba shi."

Ya ce shi zai danna. Na kama yatsansa na ɗora a kan madannin, ya danna da ƙarfi kamar mai kashe kunama. Aka ɗan jima, sai 'yar fitilar ta kawo, ta ɗauke, ta kawo. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ta. Can ya ce tana sauri, ba ta da natsuwa. Na nuna masa cewa lambar da ke gaban "jira" ita ce tsawon jiran, dubu ɗaya daƙiƙa ɗaya ke nan. Ya ɗauko carbinsa ya ce in yi ta ƙarawa har sai kowace kawowa ta ishe shi faɗin subhanallahi wa bihamdihi ba tare da ya haɗiye harafi ba. Muka yi ta canzawa muna turawa har ya ce ta yi. Ranar tuwon rana ya huce a bakin ƙofa.

Hutun nan gaba ɗaya a kan tabarmar muka yi shi. Ya koyi lalubo doguwar ƙafa da kansa ya cusa a rami. Ya karya ƙafafu ba adadi, ya ƙona biyu, kowace ya ce laifin masu yin ta ne. Mutanen gida kuwa abin dariya ya samu. Baffa ya leƙo da waya a kunne ya ce, "Baba da tsufansa an mai da shi ɗan firamare." Kaka bai ji ba, ni na ji.

Ana jibi zan koma ya tambaye ni, a hankali, ba da muryar wasa ba: abin nan da ya iya jira, zai iya sanin lokacin salla?

Sai da na yi watanni ina fama kafin na iya. Na haɗa wa allon ɗan agogo mai batirinsa, na zuba masa lokutan salla na yankinmu, na samo fitila babba mai haske sosai, da maɓalli guda da zai iya lalubowa. Nufina fitilar ta zauna a kashe, in lokaci ya yi ta fara ƙiftawa. Da na kawo masa ne muka yi rigimar da ba mu taɓa yin irinta ba.

Ya ce sam. In tana kashe tun safe, ta ina zai san tana ƙirga, ba mutuwa ta yi ba? Shi so yake ta yi ta ƙiftawa yana ganinta, in lokaci ya yi ta ɗauke. Ya je ya kira salla, ya dawo ya danna maɓalli, ta ci gaba.

Na ce, "Ango, in batir ya mutu fa? Duhun lokaci da duhun mutuwar batir ai iri ɗaya ne a idonka."

Ya ce batirin da rana take cikawa kullum ba zai mutu ba, kuma ba mai shiga ɗakinsa.

Na ce to in lokaci ya yi ta tsaya a kunne cak, kada ta ɗauke.

Ya ce, "Ke ba ki san aikin ba. Ni rana na saba bi. Rana in ta gama sai ta faɗi. Wannan ita ce ranata yanzu, in ta gama ta faɗi."

Na yi fushi na tattara kayana na ce ya je ya auri mai iyawa. Ya ce dama yana da niyya. Muka wuni ba ma magana. Da yamma ya aiko mini da rabin goro ta hannun Gwaggo, wai na bikon amarya. Washegari na yi masa yadda yake so. Kafin in tafi na tsaya a tsakar gida na faɗa da babbar murya cewa igiyar da ke jikin batirin Kaka ba ta caji ba ce, kada wanda ya zare ta ko na ɗan lokaci. Baffa ya taɓe baki ya ce, "Wa zai taɓa kayan wasan Baba?"

Fiye da shekara abin yana tafiya. Kaka ya daina tsayawa a bakin ɗaki yana roƙon lokaci. Zai zauna da carbinsa yana fuskantar 'yar fitilarsa, in ta ɗauke ya miƙe, ya bi katanga da hannu har masallaci, ya laluba lasifika. Muryarsa ta dawo da ƙarfinta. In na zo ya ce, "Amarya, abokiyar aikina tana gaishe ki."

Sai azumin nan ya zo, a farkon damina. Ba na gari, daga baya aka ba ni labari. Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin, aka fara ruwa, kowa ya shige ɗaki. Kaka ya kewaya ya yi alwala ya dawo, ya tarar fitila ta ɗauke. Ya ɗaga kai sama, duhu. Ya yafa buhu ya bi katanga cikin ruwa, ya kira magariba. Gari ya sha ruwa. Aka sha kunu, aka ci dabino da ƙosai. Ana cikin haka hadari ya yaye ta yamma, sai ga rana ja zur a kan bishiyoyi, ba ta ko kusa faɗuwa ba.

A lura fa, mutanen nan kusan kowa da waya a aljihu, kowace waya da agogo. Ba wanda ya duba, don cikinsu ya riga hankalinsu amsa kiran. Amma da rana ta fito, kowa ya zama malamin lokaci. Suka taru a ƙofar gidanmu, wani ya sa baki a kunnen tsoho yana faɗa masa abin da ya yi. Washegari bayan azahar aka zauna a masallaci. Liman ya ce duk wanda ya ci sai ya rama. Kafin a ce komai game da Kaka, ɗansa na cikinsa ya miƙe. Baffa ya ba jama'a haƙuri, ya ce tsufa ne, sun daɗe suna faɗa masa ya huta ya ƙi, ya biye wa kayan wasan yara da aka kawo masa daga birni. Ya ce a madadin iyali ya sauke shi. Kaka yana zaune a wajen, ba ya jin rabin abin da ake faɗa, sai da aka zare makullin akwatin lasifika daga wuyansa ya gane.

Na zo ranar Asabar a fusace, rabin fushin da allon nake. Na zauna na bincika komai. Agogo daidai, batir a cike, umarni ba abin da ya taɓa shi. Na ce duk da haka tsinannen abu ne, zan tattara shi in jefa a masai. Kaka ya laluba ya riƙe hannuna.

"Aikinki bai yi ƙarya ba, Amarya. Zauna."

Ya ce da ya dawo ɗaki a ranar, bayan an gama yi masa ihu, ya bi igiyar da hannu daga jikin batir don ya ji inda ta tsinke. Ba ta tsinke ba. Ƙarshenta ba ya jikin allo, yana jikin wata wayar salula. Ya shafa wayar ya ji roba ɗaure da ita.

Na ce me ka yi?

"Na bar ta ta cika. Bayan isha na dawo na tarar an ɗauke, an mayar da igiya inda take."

Na miƙe zan fita, ya ƙi sakin hannuna. Ya ce ya faɗa mini ne don kada in tsani abin da na koya, ba don in kai gaba ba. Shi tsoho ne, an saba tsoho ya ɓata. Baffa kuwa da mutanen nan zai ƙare rayuwarsa, ga 'ya'ya, ga kasuwa. Ya ce daga ni sai shi muka sani, kuma haka za a bar ta muddin yana numfashi. Na ce mutumin da ya tsaya a masallaci ya tozarta ka? Ya ce, "Tsoro ne ya kama shi. Tun yana yaro haka yake." Sai da na yi masa alkawari ya sake ni.

Bai sake taɓa lasifika ba. Aka ba wani ɗan'uwan liman ladancin, mai kiran salla in ya tuna. Kaka ya koma sahun baya. Yara suka sa masa suna, manya suna jin su ba sa kwaɓa. 'Yar fitilar dai bai rabu da ita ba: in ta ɗauke ya miƙe ya tafi masallaci, sau da yawa ya riga mai kiran. Bayan Salla kuma ya ɗauki azumin Litinin da Alhamis, bai ajiye ba. Na ce Ango, jikinka ba zai ɗauka ba. Ya ce ya san ba a rama wa mai rai azumi, amma da bakinsa aka kira, kuma bai san bakin mutum nawa ya buɗe ba, gara ya je da ɗan abin nunawa. Shekara biyu yana yi, rani da damina, ina kallonsa yana ƙanƙancewa cikin rigarsa. Na roƙe shi, na yi fushi, na ƙi karɓar goronsa. Ko a jikinsa.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha a waje, Baffa ya shigo ciki gaida mata. Ana rabon gumba. Ya tsuguna a tsakar gida da sabuwar hula, yana amsa gaisuwa da muryar marayu. Wata tsohuwa ta ce Allah sarki Ladan, ya yi wa addini hidima. Baffa ya girgiza kai ya ce, "Ya yi ƙoƙari. Abin da ya faru a ƙarshe kuma tsufa ne, mun yi ta fama da shi. Allah dai ya yafe masa."

Alkawarina na muddin yana numfashi ne. Na fito bakin ƙofa na ce, "Baffa, ya yafe masa me? Wayar wa aka tarar a jikin igiyar ranar?"

Baffa bai dube ni ba. Ya zaro wayarsa ya kalla kamar an kira shi, ya ce akwai baƙi a waje, ya fice. Gwaggo ta fizgo ni cikin ɗaki ta saki labule.

Na ɗauka za ta tambaye ni abin da nake nufi. Sai ta ce, "Ke yanzu wannan ne abin tayarwa a gaban baƙi? Ai mun sani."

Na ce kun san me?

"Matarsa ta gan shi ya shiga ɗakin da waya ya fito ba ita. Kafin a kwanta duk gidan nan an sani. Liman ma daga baya an faɗa masa."

Na ce, "Gwaggo, kun sani kuka bari aka cire masa makulli a gaban jama'a?"

Ta ce, "To me kike so a yi? Baffanki dillali ne, da amana yake ci. In aka ce shi ya jawo, wa zai ƙara ba shi akuya ya sayar? Shi kuwa Baba dama lokacin hutunsa ya yi."

"Kuna kallonsa yana azumi shekara biyu a kan abin da bai yi ba."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Ai lada yake samu."

Abin da ya zo bakina ba a faɗa wa gwaggo. Na ɗauki mayafina na fita ta gaban matan, ba wadda ta iya haɗa ido da ni, suna ta ƙulla gumbarsu a bakin zane.

Har yau in na tuna ba cin amanar Baffa ce ta fi ƙona mini rai ba. Matsoraci ne, ubansa ma ya faɗa. Abin da ke hana ni sukuni shi ne tsohon nan yana zaune a ɗakinsa yana rage murya, yana jan hannuna, yana ganin wani babban sirri yake gadi shi kaɗai, alhali masu kai masa abin buɗa baki duk Litinin da Alhamis sun sani, suna ajiye masa kwano suna cewa Allah ya karɓa. Ya tafi yana murna ya rufa wa ɗansa asiri. Na gode Allah da bai kai ranar da zai san ba abin da ya rufe ba.

To ni na faɗa, kuma ga shi na rubuta, mai jin haushi ya ji. Ladanin garinmu bai yi kuskuren lokaci ba, igiya aka zare masa. Ya Allah, shekara arba'in bawanka yana kiran mutane zuwa gare ka, yanzu kai ka kira shi ya amsa. Ka karɓe shi da rahama, ka haskaka masa kabarinsa, ka ba shi ladan azuminsa cikakke. Sauran kuwa ban yi musu baki ba, don ya hana ni. Addu'a ce dai ba su samu ba.